Injin da Bai San Alkunya Ba

In ka kai wa Abdulrashid wayarka gyara a rumfarsa da ke bakin kasuwar Anka, to ka zo da haƙuri. Kafin ya kwance ƙusa biyu sai ya sanar da kai cewa shi fa ba mai gyaran waya ba ne, zamani ne ya mai da shi haka. Shi injiniyan saba ne. In tsautsayi ya sa ka tambayi mece ce saba, ka jawo wa kanka, domin ajiye wayar taka zai yi a gefe ya gyara zama. Maƙwabtansa na kasuwa sun sha labarin har ya gundure su, suna tsokanarsa da "Injiniya mai ritaya", shi kuwa ko a jikinsa. Gemunsa ya fara furfura, kuma ba ya ganin ƙananan ƙusoshi sai da tabarau.

Ɗan manomi ne, haifaffen cikin garin Anka. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya kamar yayyensa, amma tun ana tura shi gona aka lura kunyar da ya yi ba ta miƙewa, kuma tsuntsaye sun fi jin daɗin tsaronsa fiye da na kowa. Da ya gama sakandare sai ya tafi Gusau, ya kama aikin buga takardu a wani shagon intanet. Mai shagon mutum ne mai rowar albashi amma ba ya rowar sani. A wurinsa Abdulrashid ya koyi yadda ake ɗaukar tsohuwar kwamfuta a mai da ita saba, wato injin da ke karɓar saƙonnin imel ya raba wa kowa nasa, kamar dai gidan waya. Ya dawo gida da wannan sani yana ji da kansa, sai ya tarar ba mai bukatarsa. Katin gayyatar ɗaurin aure da hoton fasfo su suka riƙe shi.

Sai shekarar 2010 ta zo da abin da ta zo da shi. Yara suka yi ta mutuwa a Dareta da Duza da Yargalma, daga farfaɗiya sai kabari, kafin a gano cewa gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gidaje. Wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta buɗe wurin jinya a gefen gari, ta ɗauki Abdulrashid ya kula da kwamfutocinta. Wurin doguwar haraba ce. Ɗakin kwanciyar yara na can kudu, ɗakin awon jini na can arewa, ga damina ta kankama. 'Yar takardar da aka rubuta a kudu takan isa arewa a jiƙe, in ma ta isa. Akwai faranti a kan rufi mai jawo intanet daga sama, amma sai ya ga dama yake aiki, hadari na haɗuwa zai yi fushi.

Abdulrashid ya ce mene ne na kai saƙo har sama alhali mai karɓa na cikin gida ɗaya? Ya zaro wata kwamfuta da aka jefar a sito, ya hure mata ƙura, ya saka mata manhajar raba saƙo. Ya ja waya cikin bututun roba ya binne ta bi ta gindin itatuwan dogonyaro, ya haɗa kudu da arewa. Kowane ma'aikaci ya samu akwatinsa da sunansa. Saƙon cikin gida ba ya fita waje, daga wannan ɗaki yake faɗawa wancan kafin ka ƙifta ido, ko faranti na aiki ko ba ya yi. Ya raɗa wa injin suna Tsohuwa, don sai ta yi tari sau biyu kafin ta tashi.

Abin kunya ne mutum ya ce yana kewar shekarar da aka yi ta binne yara, kuma Abdulrashid ya san haka. Amma yana kewarta, kuma ba ya ɓoyewa. A lokacin ne kaɗai a rayuwarsa ake aiko a neme shi da gudu. A lokacin mutum na iya hawa babur bayan la'asar ya nufi Bukkuyum, ya tsaya a hanya ya sha furar matan ruga, ya dawo gabansa ba ya faɗuwa. Yakan je Gummi neman kan wayar haɗa kwamfutoci ya biya ta gidan abokai, ba wanda zai ce masa ya yi sauri kada yamma ta yi masa a daji. Yau kuwa sai an tambayi labarin hanya kafin a ta da mota. In ya tuna ƙarar janareta da warin maganin wanke ƙasa da hayaniyar mata masu jinya suna dafa abinci a gindin bishiya, sai ya yi shiru, abin da ba halinsa ba.

Abu biyu ya yi wa Tsohuwa da yake ganin dabara ce. Da yake cikinta ba shi da girma, sai ya hana ta ajiye kwafin saƙon da mutum ya aika. Sannan ya lura in aka rubuta sunan da ba ta sani ba, takan mayar wa mai aikawa da wani dogon Turanci mai firgita mutane, su zo su tsaya masa a kai. Sai ya buɗe wani akwati na daban ya ce duk saƙon da ba a san mai shi ba a zuba shi can, shi zai riƙa dubawa. Ya duba shi a makon farko. Daga nan aiki ya sha kansa, ya manta da shi. Ranar da ya tara ma'aikata yana koya musu kuwa, don ya sauƙaƙa, cewa ya yi: "Ba wani abu ba na. Ku rubuta sunan da kuka kiran mutum da shi, ku rubuta saƙonku, ku danna nan. Shi ke nan."

Mai awon jini wani Bagummiye ne mai suna Bilyaminu, ƙato mai tumbi, uban yara, wanda ake jin dariyarsa tun daga bakin ƙofa. Kowace safiya malamar jinya Sa'adatu ke aika masa sunayen yaran da suka gama shan magani, don a sake ɗibar jininsu a ga ko gubar ta ragu. Sai an ga haka ake sallamar yaro ko a ƙara masa magani. Da Sa'adatu ta tafi haihuwa, sai aikin ya koma hannun Hure.

Hure Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Yargalma. Mahaifinta ya saɓa wa danginsa ya bar ta ta yi makaranta a Gummi, sannan aka yi mata aure a Yargalma. Ba neman aiki ya fara kawo ta harabar ba. Da yaro ta zo a goye, kuma bai kwana ba. Bayan an yi sadakar arba'in sai ga ta ta dawo, ta ce tana jin Fulatanci da Hausa da ɗan Turanci, ko za a bar ta ta taimaka. Aka ɗauke ta tafinta, daga baya ta zama mai taimakon jinya. Ba ta da yawan magana, ba a taɓa ganin hawayenta ba. Uwayen yara sun fi yarda da ita a kan kowa, domin in yaro ya ƙi magani ita ake kira. Abin da kowa ya gani, ko da ba a faɗa ba, shi ne wannan aikin ne ke riƙe da ita.

Hure ta karɓi aikin, sai Bilyaminu ya daina ganin saƙo. Ya ɗauka ba yaron da lokacinsa ya yi, ya ci gaba da sauran ayyukansa. A kudu kuwa uwaye na zaman jiran mai ɗibar jini, ga gonaki na neman noma, ga wasu yaran an baro a gida. Wasu suka gaji suka ɗaure kayansu suka tafi ba sallama. A nan ne shugabar aikin, wata Baturiya mai tsare gida da kowa ke kira Madam, ta farga. Ta kira Bilyaminu, ya ce bai ga komai ba. Ta kira Hure, ta ce kullum tana aikawa bayan ta gama raba koko. Sai aka kira alƙali, wato Abdulrashid.

Tsohuwa tana rubuta wa kanta bayanin duk saƙon da ya shiga da inda ya sauka. Abdulrashid ya buɗe bayanin, ya nemi duk abin da aka aika wa Bilyaminu. Na Sa'adatu na nan jere har ranar da ta tafi. Na Hure babu ko ɗaya. Ya faɗi abin da ya gani, da muryar wanda ya yarda da injinsa fiye da 'yan Adam. Madam ta ce rashin iyawa ba laifi ba ne, ana koya wa mutum. Abin da ba za ta ɗauka ba shi ne ƙarya a kan jinin yara. In mako ya ƙare ba a ga shaidar Hure ta aika ba, to ta ajiye rigar aiki.

Da azahar Abdulrashid ya je famfo yin alwala, sai ya tarar da Hure tana wanke kofuna. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Injiniya, ni dai ban yi ƙarya ba. Allah shina gani."

Maganar ta tsaya masa a rai har ya idar da salla. Ya san maƙaryata, ya yi aiki da su a Gusau, sukan yi rantsuwa su ƙara da bayani. Ita wannan faɗi ɗaya ta yi ta ci gaba da wanke kofunanta. Ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza, ya koma kan Tsohuwa.

Ya je kudu ya zauna a kwamfutar ɗakin yara ya aika wa Bilyaminu saƙon gwaji, ya isa nan take. Ya shiga da akwatin Hure ya sake gwadawa, ya isa. Ya yanke kan waya ya ɗaura sabo duk da tsohon lafiya lau yake. Ya bi bututu yana tona ƙasa ko ɓera ya ci wayar. Ya duba ko cikin Tsohuwa ya cika, da sauran wuri. Ya duba layin saƙonnin da ke jiran fita, ba kowa. Ya tuna akwai ranar da Tsohuwa ta manta sunan gidanta ta ɗauki saƙonnin cikin gida ta nufi faranti da su, ya duba wannan ma, daidai yake. Haka ya kwashe kwanaki yana zagaye, ya rame, Bilyaminu na yi masa dariya wai Tsohuwa ta yi masa yaji. Duk wannan wahala bai taɓa tambayar injin abin da Hure ta aika ba. Abin da aka aika wa Bilyaminu kawai yake tambaya, kuma inji ba ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Ana gobe mako zai ƙare dabara ta ƙare masa. Ya ce gani ya kori ji. Da hantsi ya shiga ɗakin yara ya ce, "Malama Hure, zamna ki aika na yau awa yadda kika yi kullum. Ni kallo ɗai zan yi."

Ta goge hannu a zane, ta zauna. Da yatsa ɗaya take bugawa, a hankali, tana duba kowane harafi. A gurbin sunan mai karɓa ta rubuta: maisuna.

"Tsaya," in ji shi. "Wane na Mai suna?"

"Mai awon jini mana. Kowa ya sani."

Gaskiya ne, kowa ya sani. Shi kansa ya sha jin ta ce, "A kai ma Mai suna wanga," kuma a kai wa Bilyaminu ba tare da tambaya ba. Bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba. Wani farin ciki ya kama shi irin na wanda ya tsinci abin da ya ɓata, har ya yi dariya.

"Haba Malama Hure! Ai ga matsalar nan. Injin bai san Mai suna ba."

"Kai kac ce mu rubuta sunan da muka kiran mutum da shi. Haka nika kiranai."

"To na ji, laihina na. Goge ki sa Bilyaminu. Ba wuya, ga shi nan rubuce ga bango."

Sai ta janye hannuwanta daga kan madannai ta shigar da su cikin hijabi.

"Ban iyawa."

"In nuna miki haruhwan?"

"Na san haruhwan, Injiniya."

A gadon kusa wata uwa na lallashin ɗanta ya sha koko. Hure ta ce, murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan allon kwamfutar, "Sunan yaron na."

"Wane yaro?"

"Wanda niz zo da shi."

Dariyar ta bushe a bakinsa. Yaron ɗan farinta ne. Shi da aka haifa a garin nan, wanda Innarsa har yau ba ta taɓa furta sunan babban yayansa ba sai dai ta ce "wancan", shi ne yake tsaye a kan mace yana nuna mata bango.

Hure ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. "Ran suna liman yaf faɗe shi, ni ban taɓa faɗi ba. Shina rarrahe ban kira shi ba, ya hwara tahiya ban kira shi ba. Ran da jikinai ka rawa bisa cinyata, cikin motar da tak kawo mu nan, na so in kira shi ko shi buɗe ido. Surukata na zamne kusa da ni, kunya ta hana ni. To ban kira shi ba sadda shika jina, sai yanzu in rubuta ma inji? In aikin na, su amshi abinsu."

Abdulrashid ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai ba ta haƙuri ba, don ya san ba haƙuri take nema ba. Cewa ya yi, "Bar shi yadda kir rubuta. Danna ki aika."

Ya tafi ɗakinsa kusan da gudu, ya buɗe akwatin nan da ya manta da shi. Ga su nan jere, kowace safiya da nata, har da wanda ta aika yanzu. Tsohuwa ba ta ɓatar da ko ɗaya ba, inda ya ce ta zuba nan ta zuba. Akwai wani ɗan fayil a cikinta da ake rubuta laƙabi, a ce in an kira wane da suna kaza shi ake nufi. Tun da ya kafa injin bai taɓa ƙara komai a ciki ba. Ya rubuta layi ɗaya, cewa maisuna shi ne bilyaminu, ya sa ta ta sake karantawa. Sannan ya kwashe duk saƙonnin ya tura su akwatin mai su.

Ya sami Madam a ofis ya juya mata allon, ya nuna mata ranaku da lokuta. Ya gaya mata shi ya buɗe akwatin da ya haɗiye su, shi ya kuma kasa dubawa. Ta karanta fuskarta na canzawa. Ta tambaya me ya sa Hure ba ta rubuta sunan daidai ba. Abdulrashid ya duba rufi, ya duba ƙasa. Abin da aka gaya masa a ɗakin yara ba na ofis ba ne. Ya ce da Turancinsa na Gusau, sunan daidai ne, injin ne bai san mutanen nan ba, amma yanzu ya koya masa. Madam ta dube shi na ɗan lokaci, ba ta ƙara tambaya ba. Da ƙafarta ta taka har kudu ta ba Hure haƙuri a gaban kowa, aka kuma ta da babura su bi uwayen da suka tafi. Hure ta ce ba komai, ta koma bakin aikinta.

Bayan la'asar sai ga Bilyaminu a ƙofar ɗakin Tsohuwa, kuma ba a ji dariyarsa ba kafin ya iso. Ya zauna a kan kwali ya daɗe yana murza hula.

"Na karanta su dut," in ji shi. "Ka san da mi taka ruhe kowane? Allah shi raya. Ni da ɗiya cike da gida, ni aka ma Allah shi raya."

Bilyaminu ba yaro ba ne, ya riga ya haɗa lissafinsa.

"In na maida mata amsa, mi taka gani can bisa, wurin sunan wanda ya aiko?"

"Sunanka."

"To canza shi. Sa yadda taka kirana."

"Kowa haka za shi gani hwa, har Madam."

"Su gani."

Ya canza masa. Washegari da hantsi Abdulrashid ya ƙirƙiri duba wata waya a ɗakin yara, don kawai ya tabbatar komai na tafiya. Hure ta gama raba koko, ta zauna ta aika sunayen ranar. Ba ta kai ga tashi ba amsa ta shigo. A sama an rubuta Mai suna. A ƙasa layi ɗaya ne: "Na gani, Inna. Ga ni nan tahe da allura."

Yaron nata kakarsa yake kira Inna, kamar yadda 'ya'yan fari suka saba, ita kuwa sai dai ya miƙo mata hannu. Ba wanda ya taɓa kiranta da wannan sunan. Ta karanta layin, ta sake karantawa. Sannan ta ja bakin hijabinta ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Abdulrashid ya saki wayar da yake riƙe da ita, ya fita a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa yana mayar da masu shigowa.